Sati Uku Ban Taɓa Sabulu Ba

Shekara ashirin da shida ina sabunta lasisin shagon wankina, ba a taɓa neman komai a wurina ba sai hoto biyu da tsohon lasisin. Bana da na tura takarduna ta tagar ofis, sai matar da ke ciki ta turo mini su waje da gindin biro, ko kallona ba ta yi ba.

"Ina lambar haraji?"

Na ce, "Wace lamba kuma?"

Ta nuna bango da biron. An liƙa wata takarda, ƙasanta har ya yi baƙi saboda yatsun masu karantawa. Wani mutum da ke bayana ya karanta mini, don na bar tabarau a gida. Gwamnati ce ta ce duk mai lasisi da duk mai neman lasisi sai ya kawo lambarsa ta mai biyan haraji. Wanda bai kawo ba zuwa ƙarshen wata, lasisinsa ya mutu. Sauran kuwa ba sai an karanta mini ba. Shagona a ginin hukumar kasuwa yake, kuma shagon da ba shi da lasisi kulle shi suke yi su ba na gaba a layi. Na san mutum uku da suka daɗe suna gaishe ni da fara'a suna leƙen famfona.

Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya, famfo ɗaya mai ƙarfi, baho uku na siminti, injin wanki biyu, ɗayan sai ranar da ya ga dama yake tashi. Amma daga ƙofarsa zuwa ƙofar gidana tafiyar minti huɗu ce, na sha aunawa. Wannan minti huɗun shi ne komai, domin Maigida yana kwance shekara biyu ke nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A da shi ne mai guga, ni ce mai wanki. Yanzu ina jiƙa kaya in ruga gida in juya shi, in dawo in cuɗa, in koma in ba shi abinci, in canza masa zanen gado, in dawo in ɗauraye. In aka raba ni da shagon nan, duk inda zan samu wani sai na hau mota, kuma mai hawa mota ba ya juya majinyaci sau biyar a rana.

Don haka washegari da safe ina ofishin haraji. Layi ya fito har bakin titi: direbobi, masu kemis, masu gidan burodi, wani mai aski da ya zo da kujerarsa ta ninkewa ya zauna abinsa. Wajen azahar na kai gaban tebur. Wani matashi ne mai ƙaramin gemu, da kwamfuta a gabansa da wata 'yar na'ura mai gilashi da koren haske.

"Mama, ɗora yatsu huɗu na dama."

Na ɗora. Na'urar ta yi ƙara. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, na sake ɗorawa. Ya ce in danna. Ya ce kar in danna da yawa. Ya ce in goga yatsuna a goshi su sami maiƙo, na goga. Ya ce in hura musu iskar baki, na hura, mutanen layi suna kallona. Muka koma hagu, muka dawo dama, muka gwada manyan yatsu. A fuskar kwamfutar ba abin da ke fitowa sai wasu duhu-duhu kamar an dangwala tawada.

Ya ce, "Mu ga hannun." Ya duba a haske, ya yi ɗan fito. "Mama, wane aiki kike yi?"

"Wanki."

"Ai shi ne. Zanen yatsunki ya goge tas. Sabulu da bilic sun cinye shi."

Na duba su ni ma. Hannuna ne dai da na sani, jajaye, masu sheƙi, duk tsaga a gefen farce. Ban taɓa sanin akwai wani abu a jikinsu da zai iya ɓacewa ba.

"To yanzu fa?"

"Ba zane, ba lamba. Amma yana dawowa. Ki huta sati uku, kar ki taɓa sabulu, kar ki taɓa bilic, kar ki cuɗa komai. Ki riƙa shafa mai safe da yamma." Ya duba kalanda, ya rubuta mini rana a bayan takardata. Ranar ta kama saura kwana ɗaya wata ya ƙare. Yaron kirki ne, har miƙewa ya yi ya matsar mini da kujera da zan fita.

A hanya na yi tsammanin zan ji haushi, ko tsoro. Ban ji komai ba. Tun da Maigida ya faɗi a gaban teburin guga, wani abu ya daskare a ƙirjina, labari mai daɗi da mara daɗi duk ɗaya suke shiga. Lissafin waɗanda zan roƙa kawai nake yi.

Safar hannu ba ta cikin lissafin. Na gwada ta shekarun baya, cikin yini ɗaya hannuna ya yi ƙuraje ya saluɓe har sai da aka kai ni kemis. Saboda haka na kira ƙanwata ta riƙe mini shago. Ɗanmu namiji ɗaya ne, yana wata ƙasa yana aiki, sai dai murya a waya. Saura Auta, wadda ke gidan mijinta a ƙarshen gari. Na kira ta, ban gama bayani ba ta ce, "Mama, gobe ina tafe da jakata."

Na zauna a bakin gadon Maigida na faɗa masa. Bakinsa ya karkace tun ciwon, magana tana fita da ƙyar, kalma biyu ko uku, amma kansa garau yake. Ya saurare ni har na kai inda na ce Auta ce za ta riƙa gyara shi.

"Auta?"

"Sati uku ne kawai. In ba haka ba shago ya tafi."

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "To."

Haka na zama manaja. Sunan da masu kawo wanki suka sa mini ke nan da suka gan ni a kan kujerar roba, hannu a cinya yana ƙyallin mai. Mai otal ɗin da nake wanke wa zannuwan gado ya ce, "A'a, Manaja, an samu ƙarin girma ba a gayyace mu ba?" Na yi masa dariyar da ake yi wa mai kawo aiki.

Ƙanwata mutuniyar kirki ce, amma bakinta ya fi hannunta sauri. Sau biyu take ɗauraya, ni kuwa sau uku nake yi. Tana haɗa farin kaya da tawul mai zuba. Wuyan riga sai ta shafa masa sabulu ta lallaɓa shi kamar tana tsoron ya ji zafi.

Na ce, "Cuɗa shi. Ba zai kai ƙararki ba."

Ta ce, "Yaya, ko dai ki tashi ki yi, ko ki bar ni in yi. Mutum ba ya aiki ana ƙirga masa numfashi."

Gaskiyarta ce. Na koma kallon titi. Shekara ashirin da shida ina wannan layi da bayana a juye ga ƙofa, ban san mai gyaran agogo yana barci daga azahar zuwa la'asar ba, ban san akwai kyanwa mai ido ɗaya da ke bin inuwa daga shago zuwa shago ba. Na ga duk wannan, bai ƙare ni da komai ba. Kowace safiya ina tsayawa a bakin ƙofa in ɗaga yatsuna a haske. Tsagar ta warke, jan ya ragu, fatar ta yi laushi kamar ta wata. Wani lokaci in ga kamar ga wasu siraran layuka, in na juya hannun su ɓace.

A gida kuwa, kwanakin farko sun yi nauyi. Auta ba ta da ƙyama, kuma tana da ƙarfi, ta fi ni iya ɗaga shi. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina ba da umarni: naɗe zanen daga wancan gefen, sa filo a bayansa, ja ledar katifar, ruwan ya yi zafi da yawa. Shi kuma da ta ɗaga masa riga sai ya juya fuska bango ya rufe ido, ya ƙi buɗewa har ta gama ta fita da baho. Mutumin da ko singileti bai taɓa zama da ita a gaban 'ya'yansa ba. Auta tana yi tana hira don ta rage abin, tana ba shi labarin surukarta da kajinta.

Rana ta huɗu ta same ni a kicin ta ce, "Mama, ki daina tsayawa a ƙofa. In muna mu biyu abin ya fi yi masa yawa."

Na daina. Na koma shiga bayan an gama, in zauna in ba shi labarin shago, in ajiye masa kofin ruwa da na shayi a kan ƙaramin teburin da ke gefen hagunsa, inda hannunsa mai lafiya yake kaiwa. Ba ya son a ba shi a baki, tun farko da kansa yake sha. Duk sanda na dawo sai in tarar da kofi wayam, in cika in tafi.

A sati na biyu Auta ta fara samun sauƙi. Ta ce, "Mama, Baba fa ya daina ba ni wahala. Jiya sau ɗaya na canza zane. Yau ma tun safe a bushe yake."

Na shiga na taɓa zanen da bayan hannu. A bushe ƙarau. Abin da na ji a raina, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi ne. Shekara biyu ina wanke zannuwan nan huɗu, biyar a rana. A sana'ata busasshen zane shi ne aikin da ya ƙare, ba a tsayawa tambayarsa dalili. Na ce wa Auta, "Hannunki yana da albarka." Ta yi murmushi, ta tafi ɗora shinkafa.

Ya rage cin abinci, muka ce ciwo ne. Ya yawaita barci, muka ce hutu ne. Leɓensa ya tsattsage, na ce zafin gari ne, na lakato man da nake shafa wa hannuna na shafa masa. Kullum in na shigo sai ya tambaye ni abu ɗaya.

"Saura nawa?"

"Tara."

Washegari, "Saura nawa?"

"Takwas. Kai da ba ka zuwa ko'ina, me ya dame ka da kalanda?"

Ya ɗan motsa gefen bakinsa mai motsi. Na ɗauka ya gaji da Auta ne kawai, yana ɗokin in dawo.

Ranar da ya rage saura uku, da hantsi, Auta ta fita sayo magani. Shara ba ta cikin abin da aka hana ni, sai na ɗauki tsintsiya na shiga ɗakinsa. A ƙarƙashin gado akwai dogayen takalman robarsa, waɗanda yake sawa da in ya zo taya ni ɗauraya. Tun da ya kwanta suna can ciki wajen bango. Ranar na ga ɗaya ya matso bakin gado, daidai ƙasan teburin. Na tura shi da tsintsiya, na ji shi da nauyi. Na ƙara turawa, ya kife.

Ruwa ya malalo har ƙafata. Ruwa da shayi, da madarar da ta tsinke, da wani wari na abin da ya kwana da yawa. Ya bi layin siminti ya nufi ƙofa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsa yana tafiya.

Da na ɗago, idon Maigida yana kaina. A lokacin na gan shi sosai, karo na farko cikin kwanaki. Idon ya faɗa, kumatun sun lotsa, fatar wuyansa ta tattare.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya dubi takalmin da ya kife.

"Don kar Auta ta gyara ka? Shi ya sa?"

Ya mayar da ido silin.

Na ɗebo ruwa a kofi na kawo bakinsa. Ya datse leɓe. Na ce, "Sha." Ya kau da kai. Na ce, "To shi ke nan, an fasa. Daga yau ni zan riƙa yi, shago ya tafi inda zai tafi." Na ajiye kofin na kama bakin zanen zan yaye.

Sai ya cafke wuyan hannuna da hagunsa. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba. Ya ɗaga hannun nawa daga kan zanen ya ture shi gefe, ya riƙe shi a can.

"Saura uku," in ji shi. Muryar kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Za ka mutu a kan shago?"

"Uku."

A nan ne na ji tsoro, tsoro na gaske. Minti ɗaya ya yi ya wuce, na koma yadda nake. Na fita na buga wa maƙwabcinmu mai tasi ƙofa.

Kafin mu kai asibiti ya fara kiran Auta da sunan yayarsa da ta rasu tun muna amare. Aka ɗora shi a gado mai taya, aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka sa masa robar fitsari. Abin da ya fito a jakar kaɗan ne, launinsa kamar shayin da ba madara. Likitar, wata doguwa mai saurin magana, ta ja fatar bayan hannunsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye.

"Wa ke kula da shi?"

Auta ta ce, "Ni ce."

"Kwana nawa rabonsa da ruwa? Ƙodarsa ta wahala. Ba ku ga ba ya fitsari ba?"

Auta ta fashe da kuka. Na ce, "Mun gani." Likitar ta dube ni, ta dubi hannuna mai sheƙin mai, fes, ba alamar aiki. Na san abin da ta ɗauke ni. Ban gyara mata ba, bayanin ya yi tsawo.

A ɗakin maza nas namiji ne ke gyara marasa lafiya, saboda haka wannan nauyin ya sauka. Kwana biyu yana shan leda bayan leda ta jijiya, hankalinsa ya dawo, ya gane kowa. Likitar ta zo zagaye ta ce an auna arziki, ƙodar za ta farfaɗo, ko da ba duka ba. Ta ce da zarar ya fara sha da bakinsa sosai za a cire robar a sallame shi ya koma gida. A gabansa ta faɗa. Da nas ya kawo kofi, sai Maigida ya datse baki.

Nas ɗin ya ce, "Baba, ruwa ne fa, ba allura ba." Ya juyo wurina. "Mama, ko ke zai karɓa a hannunki?"

Na ce, "Ba zai karɓa ba. Ku bar shi zuwa gobe."

Auta ta biyo ni baranda. Idonta ya kumbura. "Mama, ni ce ban iya ba ko? Da ya faɗa mini ai da na rufe idona ina yi."

Na ce, "Ba ke ba ce. Je ki wanke fuskarki." Ya kamata in rungume ta. Na tsaya da hannuwana a gaba kamar na ɗauko su aro, har ta juya ta tafi.

Ranar da aka rubuta mini, tun kafin a buɗe ofishin haraji ina bakin ƙofa. Kwana ashirin da ɗaya cif, ban taɓa sabulu ba, ko kofi ban ɗauraye ba. Layin ya ninka na farko, don kowa ya jira ƙarshen wata. An ƙara tebur biyu. Ni na faɗa teburin wata dattijuwa da na hango tun zuwana na farko, mai tabarau a kan hanci, da fulas ɗin shayi a gefenta. Matashin mai gemu yana tebur na gaba.

"Yatsu huɗu na dama."

Na ɗora a hankali. Na'urar ta yi ƙararta. Na dubi kwamfutar. Duhu-duhun nan ne dai, sai dai wannan karon sun fi faɗi.

"Hagu."

Haka.

Ta leƙo ta saman tabarau ta dubi hannuna, ko taɓawa ba ta yi ba. "Wanki ko gini?"

"Wanki. Amma na huta sati uku. An ce zai dawo."

"Shekara nawa kina yi?"

"Ashirin da shida a shago. Kafin nan ma ina yi."

"Ai ba zai dawo ba, 'yar'uwa. Na matasa ne ke dawowa." Ta ja aljihun tebur, ta zaro wata takarda mai ruwan ɗorawa daga cikin tuli. "Ga fom ɗin irinku. Masu wanki, masu siminti, tsofaffi, waɗanda suka ƙone. Sa hannu a nan, sai ki kalli kyamara."

Na sa hannu. Na kalli kyamara. Ta danna wasu maɓallai, ta kurɓi shayi, injin da ke bayanta ya yi tari ya fito da 'yar takarda. Ta yage ta miƙo mini. Lambobi ne a jere, da sunana a sama. Duka abin bai kai minti biyar ba.

Na ce, "Wannan fom ɗin, yaushe aka kawo shi?"

"Tun ranar da aka fara. Na gaba!"

Ban tashi nan da nan ba, sai da na bayana ya taɓa kujerar. Ina jira in ji wani abu ya taso mini, ihu ko zagi ko kuka. Babu. Kamar an ce mini farashin sabulu ya canza.

Da zan wuce ta gaban matashin, na ji yana cewa wani dattijo mai farar ƙura a gira, "Baba, zanen ya goge. Ka huta da aikin siminti sati uku ka dawo." Dattijon yana juya hularsa a hannu yana cewa to, to.

Na dafa teburin na ce, "Baba, kar ka tafi. Je wancan teburin ka ce a ba ka fom mai ruwan ɗorawa."

Matashin ya dube ni. Ya gane ni, har ya fara murmushi. "Mama, kin dawo. Wane fom?"

Da gaske yake tambaya, a fuskarsa na gani. Ya juya ya ce wa dattijuwar, "Anti, wai akwai wani fom?" Ta zaro ɗaya ta miƙa masa ba tare da ta daina bugun kwamfuta ba. Ya karanta, ya ce, "Kai, ba wanda ya nuna mini wannan." Ya ɗago zai yi mini magana, na riga na kai ƙofa.

A ofishin lasisi matar tagar ta karɓi 'yar takardar, ta kwafe lambar a wani gurbi ƙarami a ƙasan fom, ta buga hatimi sau biyu, ta turo mini sabon lasisi da gindin biro. Na bi ta shago. Ƙanwata tana shanya, ta hango ni ta ce, "Yaya, an dace?" Na ɗaga mata takardar. Ta yi guɗa har mai gyaran agogo ya farka. Na ce ta ƙara ɗauraye tawul ɗin otal, na wuce.

La'asar ta yi lokacin da na shiga ɗakin maza. Masu ziyara sun cika shi, kowane gado da mutanensa da ledojinsu. Auta tana zaune a gefen Maigida tana gyangyaɗi. Kofin yana kan durowa, cike, an rufe shi da murfin roba. Idonsa yana kan ƙofa, da alama ya daɗe a can.

Na zauna. Na fito da lasisin na buɗe masa a gaban fuska. Bai dube shi ba, hannuna yake nema da ido.

"Sun fito?"

Auta ta farka, ita ma ta zuba mini ido. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana juye ruwansa a takalmi, da ƙishi a maƙogwaro da kofi a hannu. Takarda mai ruwan ɗorawa kuma tana cikin aljihun tebur tun ranar farko, taku uku daga inda na zauna a gaban matashin nan.

Na ce, "Sun fito."

"Duka?"

"Duka goma. Na'urar ko gardama ba ta yi ba. Yaron ya ce da na rage ko kwana ɗaya da ba su kama ba."

Ya lumshe ido, ya saki wani dogon numfashi. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Ya ce, "Ka ga."

Na cire murfin kofin. Na riƙe shi ta yadda cikin yatsuna zai kalli wajena, na tallafo kansa da ɗaya hannun, na kafa masa a baki. Ya sha har ya ƙware, rabi ya zubo ta gefen da ya shanye ya jiƙa filo. Ya huta, ya lashi leɓe, ya ce in ƙaro.